Gori Ba Ya Raba Mutum da Sigari

A Sakkwato ba a shan sigari a gaban manya. Mutum zai shekara ashirin yana sha, mahaifinsa bai taɓa ganin kara a hannunsa ba. Sai ya zagaya bayan gareji ko lungun da ke bayan teburin mai shayi, ya zuƙa cikin sauri, ya ɓantari goro ya tauna don kashe wari, ya kurkure baki, sannan ya dawo cikin mutane kamar ba shi ba. Kunyar nan alheri ce, kuma ina ganin tana cikin abubuwan da suka hana taba yi mana katutu irin na wasu ƙasashe. Binciken da aka yi kan manya a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna kusan namiji ɗaya cikin goma ne ke amfani da taba, mata kuwa kusan ɗaya cikin ɗari. Amma kunyar tana zuwa da nata nauyin. Wanda yake ɓoye abu ba ya neman taimako a kansa. Likita zai tambaye shi ko yana sha, ya dubi ƙanensa da ya rako shi, ya ce a'a. Ranar da asiri ya tonu kuma, abin da yake samu a gida faɗa ne da gori, sai ya yi rantsuwa ya bari, bayan kwana huɗu ya koma, a ce ba shi da zuciya.

Mun daɗe muna ɗaukar shan sigari matsalar tarbiyya kawai. Wataƙila haka take a ranar da yaro ya karɓi karan farko. Amma daga lokacin da ta kama mutum ta zama matsalar jiki, wadda aka san hanyar da take bi, aka san kwanakin da ta fi tsanani, kuma akwai magungunan da aka gwada aka tabbatar suna taimakawa. Cikin mutum ɗari da suka ɗauki niyyar bari da ƙarfin zuciya kaɗai, babu magani babu mai taimako, waɗanda ke cika shekara ba su koma ba ba su wuce biyar ba. Ba zai yiwu sauran casa'in da biyar ɗin duk su zama marasa zuciya ba. Dabarar da muke ba su ce ba ta isa ba.

Abin da ke riƙe mutum sunansa nikotin. Idan aka zuƙi hayaƙi, nikotin yana ratsa huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki sinadarin da ke kawo jin daɗi. Kara ɗaya yakan ɗauki zuƙa wajen goma. Ke nan mai shan kwali guda a rana yana maimaita wa ƙwaƙwalwarsa abu ɗaya sau 200 kullum, shekara da shekaru. Ita kuma sai ta sake tsarinta, ta ƙara yawan wuraren da nikotin ke sauka, har ta kai ba ta jin daidai sai da shi. Ga shi nikotin ba ya daɗewa a jini, duk bayan awa biyu rabinsa ya tafi. Shi ya sa mashayi ke jin ƙunci da saurin fushi idan ya jima bai sha ba, ya kunna ya ji sauƙi, ya ɗauka sigari ce ke kwantar masa da hankali, alhali ƙuncin da ta kawar ita ta haifar da shi tun farko. Ma'aikatan lafiya suna auna zurfin kamun da tambaya ɗaya: bayan ka farka, minti nawa kake yi kafin ka kunna karan farko? Wanda ba ya kai rabin awa, wanda sai ya sha kafin ya fita sallar asuba, kamunsa mai ƙarfi ne, kuma shi ya fi kowa buƙatar magani.

Nikotin ke riƙe mutum, amma yawancin ɓarnar hayaƙin ke yin ta. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Akwai kwalta, baƙin danƙon nan da ke rina yatsu da haƙora. A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu ƙananan gasu da ke aiki kamar tsintsiya, suna share ƙura da majina suna turo su sama. Kwalta tana kwanciya a kansu ta kashe musu ƙarfi. Ka tuna irin ƙurar da muke shaƙa daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari har rana ta dushe, sai ka gane abin da huhun mashayi ke fama da shi a hunturun Sakkwato. Akwai kuma iskar kabon monoksaid, ita ce dai wadda ke fita daga janareto ta hallaka iyali a rufaffen ɗaki. Tana manne wa jajayen ƙwayoyin jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya, don haka jinin mashayi kullum iskar da yake ɗauka ba ta kai yadda ya kamata ba, zuciya kuma sai ta ƙara wahala don cike giɓin.

Mutanenmu sun fi danganta sigari da huhu, amma ɓarnarta a jijiyoyin jini ba ƙarama ba ce, kuma takan zo da wuri. Hayaƙin yana ƙuje bangon jijiya daga ciki, kitse ya taru a wurin, jini ya riƙa saurin daskarewa. Mai hawan jini da ke shan sigari ya haɗa abu biyu da ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Mai ciwon suga da ke sha, jijiyoyin ƙafarsa ne ke toshewa, ɗan ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafar. Jijiyoyin mazakuta ƙanana ne, suna cikin waɗanda ke fara nuna alama, kuma abin takaici ne ka ga magidanci yana zuba kuɗi wajen masu maganin ƙarfin maza alhali kwalin da ke aljihunsa yana cikin masu laifin. Ciwon dajin huhu, na maƙogwaro, na baki da na mafitsara, da yanar ido, duk taba na da hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. A Ingila an bi diddigin dubban likitoci tun daga 1951 har tsawon shekara 50, aka gano masu shan sigari suna rasa kimanin shekara goma na rayuwa, kuma kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta ita ce ke zama sanadinsu.

Tarin fuka ya cancanci a tsaya a kansa, domin Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ɗauke da shi a duniya. Shan sigari yana kusan ninka haɗarin kamuwa, sannan yana ɓoye cutar. Mashayi ya saba da tari, iyalinsa sun saba da jin tarinsa, don haka idan na fuka ya shigo sai a ce ai na sigari ne. Wata uku, wata huɗu yana kwana ɗaki ɗaya da yara kafin a kai shi gwaji.

Akwai wata magana da ake yawan ji a majalisa: "Ni ai kara biyu kawai nake sha a rana." Ga huhu, ragewa tana ɗan rage haɗari. Ga zuciya lissafin ba haka yake tafiya ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tal a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Ɗan hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini ya yi danƙo. Sannan wanda ya rage yawan kara, ba tare da ya sani ba yakan ƙara zurfin zuƙa ya sha har gindi, don jiki ya sami nikotin ɗin da ya saba. Haka ma masu komawa shisha da tunanin ruwan tulun yana tace guba. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, sanyin kuma ke sa a zuƙa da zurfi. Zama ɗaya na awa guda zai iya sa mutum ya shaƙi hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau 100 ko fiye, ga gawayin da ke ci a kai yana ƙara kabon monoksaid, ga bakin bututu ɗaya yana zagaya mutum biyar. Taba gari da dattawa ke cusawa a leɓe, wadda ake haɗawa da kanwa, ita ma tana da nata: kanwar tana ƙara saurin shigar nikotin ta fatar baki, wurin da ake ajiye ta kuma shi ke fara yin fari ko gyambo, dasashi ya janye daga haƙori.

Sai mutanen gida. A hunturu ana rufe taga, a toshe kafofi, maigida ya sha a ɗaki ko a zaure saboda sanyi. Jaririn da ke shaƙar wannan iska ya fi saurin kamuwa da ciwon haƙarƙari da ciwon kunne, mai asma tashinta ya yawaita, mai juna biyu kuma tana iya haifar jariri marar nauyi. Fanka ba ta fitar da hayaƙi, juya shi take yi. Ko da mutum bai shirya bari ba, akwai doka guda da zai iya kafa wa kansa yau: babu sha a ɗaki, babu a zaure, babu a mota, kuma ba za a aiki yaro sayowa ba.

To, yaya ake bari? Abu na farko rana ce. A tsayar da ita cikin mako biyu masu zuwa, kada ta yi nisa har niyya ta huce. Kafin ranar, mutum ya yi kwana uku yana lura da kansa, ya rubuta ko ya riƙe a kai lokacin da yake kunna kowane kara da abin da ya gabace shi. Zai ga yawancinsu suna da abokin tafiya: bayan shayin safe, bayan cin tuwo, lokacin shiga banɗaki, zaman jiran fasinja ga ɗan kabu-kabu, tsakar dare ga direban da ya ɗauko hanyar Gusau ko ta Illela. Kowane ɗaya sai an shirya masa abin da zai maye gurbinsa tun kafin ranar. Wanda ya saba sha bayan abinci, ya miƙe nan take ya kama asuwaki. Wanda majalisarsa ta mashaya ce, ya ƙaurace mata na wata guda, ba gaba ba ce, jinya ce. Daren jajibiri a fitar da komai: ragowar kwali, ashana, laita, har wanda aka ɓoye a aljihun babbar riga don ko-ta-kwana. Wannan na ko-ta-kwana shi ke mayar da mutane da yawa. Idan akwai bashin mai tebur a biya shi, a gaya masa an bari, domin littafin bashi hanya ce ta komawa. Kuma a faɗa wa mutum ɗaya da aka amince da shi, mata ko aboki ko ɗan'uwa, wanda za a iya kira idan abin ya taso.

Kwana na biyu da na uku su ne ƙololuwa. Mutum zai ji fushi ba dalili, kai ya yi nauyi, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, barci ya rikice, yunwa ta ƙaru. Yawancin wannan yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita kuwa sha'awar, wadda ke tasowa kamar za ta kayar da mutum, ba ta wuce 'yan mintoci, ko an sha ko ba a sha ba za ta sauka. Aikin duka shi ne a tsallake waɗannan mintoci: a sha ruwa a hankali, a yi alwala, a tashi daga wurin a taka zuwa ƙarshen layi a dawo, a ja numfashi mai zurfi sau goma. Uwargida tana da rawa babba a nan. Idan maigida ya yi tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba a kwanakin nan, amsar da ta fi amfani ita ce, "Malam, yau kwana uku ke nan, sannu da ƙoƙari." Wadda ta ce "gara ma ka koma abinka mu huta" ta rusa aikin da hannunta.

Akwai abin da kusan ba a faɗa wa masu bari, kuma a garin da ake cin goro kamar namu yana da muhimmanci ƙwarai. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi. Da an daina sha, cikin 'yan kwanaki hanta ta koma saurinta na asali, sai goron da mutum ya saba ci ya yi masa aikin ninki biyu. Shi kuma saboda bakinsa na neman abin yi, sai ya ƙara yawan goron. Sakamakon shi ne faɗuwar gaba, rawar hannu da rashin barci, ya ɗauka rashin sigari ne ke neman kashe shi, ya koma. A rage goro da shayi mai kauri zuwa rabi tun ranar farko, kuma kada a ci bayan la'asar. Wannan sauyin na hanta yana shafar wasu magunguna ma, musamman wasu na taɓin hankali da wani tsohon maganin asma, waɗanda ƙarfinsu zai iya hauhawa a jini bayan an bar taba. Mai shan magani na dindindin, har da mai allurar ciwon suga, ya gaya wa likitansa ranar da ya tsayar.

Tari yakan ƙaru a makonnin farko, majina ta riƙa fita baƙa-baƙa. Gasun nan ne suka farfaɗo suka kama shara, ba alamar lalacewa ba ce. Wasu sukan sami cushewar ciki ko ƙuraje a baki, su ma suna wucewa. Ruwa da yawa, zogale da ganye suna taimakawa. Jiki yakan ƙaru da kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko, don haka abin taunawa ya zama karas, kokwamba ko aya, kada ya zama alewa da lemon kwalba.

Magani yana ninka damar nasara, idan aka haɗa shi da shawarar ma'aikacin lafiya kuma ya fi. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan jinyar masu son barin taba, ta amince da iri huɗu. Mafi sauƙi shi ne nikotin mai tsabta, wanda babu kwalta babu hayaƙi, a filasta ko cingam. Mai shan sama da kara goma a rana yana farawa da filastar miligiram 21 kullum na mako shida, sannan 14 na mako biyu, sannan 7 na mako biyu. Mai shan goma ko ƙasa ya fara daga 14. Ana manna ta da safe a busasshiyar fata marar gashi, a dantse ko ƙirji, a danne da tafin hannu, kuma a sauya wuri kullum don kada fata ta yi ja. A zafin Afrilu gumi yana ɓamɓare ta, sai a manna bayan wanka idan jiki ya bushe sarai, a ɗora filastar asibiti a gefe. Idan tana kawo mafarkai masu firgita, a cire ta lokacin kwanciya. Cingam kuwa yana zuwa a miligiram 2 da 4, na 4 ɗin na mai kunnawa cikin rabin awa da farkawa ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. A tauna a hankali har a ji yaji, a ajiye tsakanin kunci da dasashi, idan yajin ya tafi a sake taunawa, haka har kimanin rabin awa. Wanda ya tauna da sauri haɗiye nikotin ɗin zai yi, ya sami shaƙuwa da ƙwannafi, amfanin kuma ya tafi. Abu mai tsami yana hana shi shiga jiki, saboda haka kada a sha zoɓo, kunun tsamiya, lemo ko kofi minti 15 kafin a saka. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya kaɗai aiki. Kuskure na biyu shi ne dainawa bayan mako biyu saboda an ji sauƙi. A cika mako takwas zuwa goma sha biyu.

Sauran ukun ƙwayoyi ne da likita ke rubutawa. Barenikilin ana fara shi mako guda kafin ranar bari, rabin miligiram sau ɗaya na kwana uku, sau biyu na kwana huɗu, sannan miligiram ɗaya safe da yamma har mako 12. A sha bayan abinci da cikakken kofin ruwa saboda tashin zuciya. Bufurofiyon bai dace da mai farfaɗiya ba sam. Sitisin daga tsiro ake samunsa, an daɗe ana amfani da shi a gabashin Turai, kwana 25 ake sha kuma ya fi sauran araha. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, kada su fara komai sai da likita.

Azumi dama ce da muke da ita wadda muke bari tana wucewa. Mashayin da ke cewa ba zai iya awa biyu ba, a watan Ramadan yana yin awa 13 zuwa 14 ba tare da ya kunna ba, kwana 29 ko 30 a jere. Inda ake faɗuwa an san shi: tsakanin shan ruwa da isha'i, lokacin da wasu ke jera kara biyu ko uku a kan cikin da bai ƙoshi ba har jiri ya ɗebe su, sai kuma hirar bayan asham. Wanda ya cike waɗannan lokuta biyu, ya zauna cikin iyali ya wuce masallaci kai tsaye, ya yi amfani da cingam da dare, zai iya fita watan da mafi wuyar aikin a bayansa. Kan filasta kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke tun 1997 cewa maganin da ke shiga ta fata ba ya karya azumi. Haɗarin na gaba shi ne makon Sallah, idan tsohuwar rayuwa ta dawo da shayin safe da majalisa.

Idan aka zame aka sha kara ɗaya, ba a koma farko ba sai in an sayi na biyu. A jefar da ragowar, a duba abin da ya jawo, a ci gaba da maganin. Yawancin waɗanda suka rabu da ita har abada sai da suka gwada sau da yawa. Dattijon da ke cewa, "Ɗana, ai ni na riga na tsufa a kanta," shi ma lissafi na gefensa: cikin awa 12 kabon monoksaid ya sauka daga jini, cikin shekara guda ƙarin haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, kuma binciken likitocin Ingila ya nuna wanda ya bari yana ɗan 60 yana ƙara kimanin shekara uku, ɗan 50 shida, ɗan 40 tara.

Duk wannan nauyi bai kamata a bar wa mutum ɗaya da matarsa ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya kan taƙaita taba a 2005, kuma tun 2015 muna da dokar ƙasa da ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma ce sigari sai a kwali mai kara 20 za a sayar. Kowa ya san yadda ake sayar da ita a tasha da bakin kasuwa da kusa da makarantu: kara-kara, a tsakanin alewa da biskit, da ashana ɗaure a zare don mai saye ya kunna nan take. Karan nan guda shi ne ƙofar da yaro ke shiga, domin kuɗin kwali ya fi ƙarfinsa amma na kara bai fi ba. Shi ne kuma ramin da mai ƙoƙarin bari ke faɗawa a kwana na uku. Hoton gargaɗin da doka ta sa a buga a jikin kwali ma mai sayen kara ba ya ganinsa. Na san za a ce mai tebur talaka ne, da ribar yake ci da iyali, kuma gaskiya ne. Shi ya sa bai dace a fara da kame da tara ba. A fara da teburan da ke kusa da makarantu da asibitoci, ta hannun masu unguwanni da hakimai da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, a ba da wa'adi, a bayyana dalili. A ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, maganar mai unguwa da liman tana isa inda jami'in Abuja ba zai taɓa isa ba.

A asibiti kuma, abin da ake buƙata ba gini ba ne. Shawarar minti uku daga ma'aikacin lafiya an tabbatar tana ƙara yawan masu bari. A mayar da tambayar taba ta zama kamar awon jini, a yi wa kowa, kuma a yi ta bayan an ce wa ɗan rakiya ya ɗan jira a waje, in ba haka ba amsar a'a za a samu. Ɗakunan masu hawan jini da ciwon suga da tarin fuka, daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru har zuwa asibitocin karkara, nan ne mashaya suke zuwa da ƙafarsu. Wanda za a yi wa tiyata a gaya masa barin taba mako huɗu kafin aiki yana sa rauni saurin haɗewa. Muna da ƙwararru kan jinyar kamu a asibitin masu taɓin hankali da ke Kware, amma sunan wurin kaɗai yana korar mai shan sigari, don haka iliminsu ne ya kamata ya fito ya iske ma'aikatan asibitocin unguwa ta hanyar horo. Filasta da cingam da ƙwayoyin nan ba kowane kantin magani ke ajiye su ba, inda aka samu kuma kuɗinsu ba na talaka ba ne. Sanya su cikin magungunan da gwamnatin jiha ke saye da yawa, da cikin tsarin inshorar lafiya, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan jinyar mutum ɗaya da ɓarin jikinsa ya shanye.

Malamanmu sun yi nasu wajen bayyana hukunci, da ayar da ta hana jefa kai cikin halaka da hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Abin da nake roƙo a ƙara a kan mumbari da a Rediyon Rima shi ne mataki na gaba: cewa wanda ya kamu ba ɗan iska ba ne, cewa kwana ukun farko ne mafi wuya, cewa akwai magani, ga kuma inda za a je.

Wasu kuwa ba maganar tsayar da rana ba ce a gabansu, maganar zuwa asibiti ce cikin makon nan. Duk mai shan taba, ko wanda ya taɓa sha, da ya ga tari ya wuce mako biyu, ko jini a majina, ko rama da gumin dare, ko dushewar murya ta wuce mako uku, ko gyambon baki da ya ƙi warkewa, ko jini a fitsari, ko ciwon ƙirji idan ya yi sauri, ko ciwon sha-raɓa da ke tsayar da shi a hanya ya lafa idan ya huta, kada ya tsaya a kemis. Gwajin majina na tarin fuka da maganinsa na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Idan ya je, ya gaya wa likita gaskiyar kara nawa yake sha a rana da shekara nawa ya yi yana sha, domin da wannan lissafin ake yanke irin gwajin da za a yi masa.